BABI NA UKU: NEMAN IZININ GINA SABON ZAURE A KUSA DA TSOHON WURIN IBADA A CIKIN BIRNIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ginin gargajiya a ƙasar Kano da irin kayan aikin da magina suke amfani da su. Shi kuwa wannan babi zai dubi wata matsala ce da take yawan tasowa a unguwannin cikin birni, wato yadda jama'ar wani tsohon masallaci ko zawiyya sukan buƙaci gina sabon zaure a gefensa domin karatu ko taro, da kuma hanyoyin da doka ta tanada kafin a ba su izinin yin haka. Za a fara da bayanin wurin da ake magana a kansa, sannan a kawo hukumomin da abin ya shafa, da matakan neman izini, da abubuwan da ya kamata a duba kafin a amince. Daga nan za a kawo misalai daga Kano da Zariya, a kuma kwatanta su da yadda ake yi a ƙasar Ingila. Abin da babin yake son nunawa shi ne, dokokin da ake da su sun fi mayar da hankali ga jikin tsohon gini, sun bar filin da yake kewaye da shi ba tare da tsayayyen mai tsaro ba, alhali kuwa ta wannan fili ne mafi yawan ɓarna take shigowa.

3.1 Cikin Birni da Wuraren Ibadarsa

Idan aka ce cikin birni a Kano, ana nufin unguwannin da ganuwa ko badala ta kewaye, waɗanda suke ƙarƙashin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye da Dala da Gwale. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ya fara gina ganuwar, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), aka kuma ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623). Masana irin su Dokaji (1958) da Moody (1969) da Barkindo (1983) sun yi rubuce-rubuce a kan wannan birni da ƙofofinsa. A shekarar 2007 Nijeriya ta miƙa sunan ganuwar Kano tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa ga hukumar UNESCO, aka sa su cikin jerin share fage na wuraren da ake fatan a amince da su a matsayin gadon duniya.

Tsofaffin wuraren ibadar da suke cikin ganuwa masallatai ne da zawiyoyi da maƙabartu. Daga cikinsu akwai masallacin Madabo, wanda ake danganta asalinsa da malaman Wangarawa, da kuma babban masallacin Juma'a na kusa da fada, wanda aka sake gina shi da kayan zamani a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953). Babu coci a cikin ganuwa, kuma wannan yana da dalili na tarihi. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun bar cikin birni a hannun Sarki da hukumar En'e, ba su yarda 'yan mishan su zauna a ciki ba. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi suka yawaita, sai aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa a 1913, a can ne kuma aka gina coci-coci. Don haka matsalar da a wasu ƙasashe take tasowa a gefen tsohon coci, a birnin Kano a gefen tsohon masallaci take tasowa. Sai dai dokokin da za a kawo a ƙasa ba su bambanta wani wurin ibada da wani ba, saboda haka bayanin ya shafi tsofaffin coci-cocin Sabon Gari kamar yadda ya shafi masallatan birni.

Buƙatar sabon zaure ba abin zargi ba ce. An gina tsofaffin masallatan unguwa ne domin mutane kaɗan, ga shi kuwa jama'a ta ninka sau da yawa. Ana bukatar wurin makarantar Islamiyya, da wurin tafsiri a watan azumi, da wurin ɗaurin aure da zaman sulhu, da inda mata za su zauna su saurari karatu. Wurin ibadar da aka hana shi biyan irin waɗannan buƙatu yakan rasa jama'arsa, ginin ƙasa kuwa da zarar ya rasa masu yi masa yaɓe to ya kama hanyar rushewa. Wato ke nan, hana gini kwata-kwata shi ma wata hanya ce ta kashe tsohon gini.

3.2 Hukumomin da Suke da Hannu a Cikin Al'amarin

Hukuma ta farko ita ce mai iko da ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa mai lamba 6 ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon kula da filayen birane kai tsaye. Shi yake ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket, ta hannun ma'aikatar ƙasa ta jiha, kuma yana da ikon soke mallaka idan akwai maslahar jama'a da ta rinjaya. Matsalar cikin birni a nan ita ce, mafi yawan gidaje da masallatai gado ne na kaka da kakanni ko kuma waƙafi, shaidarsu tana bakin mai unguwa da dattawa, ba a rubuce take ba.

Hukuma ta biyu ita ce mai tsara birane. Tun a 1946 Turawa suka kafa dokar tsara gari da karkara. A Kano an kafa hukumar tsara birni da kewayensa a 1962, wadda a ƙarƙashinta Trevallion ya shirya tsarin raya Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Wannan hukuma ta yi ta sauya suna, ta zama Hukumar Raya Birane a 1976, ta koma KASEPPA a 1990, daga baya kuma ta zama KNUPDA. Ita ce take duba zanen gini ta buga masa hatimin amincewa, ita ce kuma take shafa jan fenti a jikin ginin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba.

Hukuma ta uku ita ce Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ta gaji hukumar kayan tarihi da dokar 1953 ta samar. Ita take kula da gidan tarihi na Gidan Makama da kuma ganuwa da ƙofofinta. Dokar ta haramta rushe ko ɓata ko sauya ko haƙa duk wani wuri da aka ayyana shi a gazet a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Hukuncin da ta yanka shi ne tarar naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin da aka ɓata, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko kuma a haɗa duka biyun. Abin lura a nan shi ne, wannan kariya ta wurin da aka ayyana ce kawai, mafi yawan tsofaffin masallatan unguwanni kuwa ba a ayyana su ba. Baya ga wannan hukuma ta tarayya, jihar Kano tana da tata Hukumar Tarihi da Al'adu da take Gidan Ɗan Hausa.

Hukuma ta huɗu ita ce masarauta. Ko da yake gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar ƙasa ta 1978 sun karɓe ikon filaye daga hannun sarakuna, har yanzu babu wanda zai taɓa masallaci a cikin birni ba tare da sanin mai unguwa da hakimi da limamai ba. Wannan iko ba a rubuce yake a dokar gini ba, amma a aikace sau da yawa shi ne yake fara aiki kafin na gwamnati.

Akwai wata doka da ta so ta haɗa kan waɗannan hukumomi, wato dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88 ta 1992. Ta umarci sashen da yake kula da gine-gine ya tattara jerin gine-gine masu muhimmancin tarihi ko na fasaha, ta kuma ce ba za a rushe ko a sauya ko a ƙara wa irin wannan gini wani abu ba sai da rubutacciyar yardar hukumar gidajen tarihi. Amma a 2003, a shari'ar da jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Sakamakon haka shi ne, hukumar da take ba da izinin gini ta jiha ce, hukumar da take tsaron wuraren tarihi ta tarayya ce, kuma igiyar da aka yi nufin ta ɗaure su wuri guda ta yi sako-sako, sai fa in jiha ta sa irin wannan tanadi a cikin tata dokar.

3.3 Matakan Neman Izini

Mataki na farko shi ne tabbatar da mai neman izini da kuma filin. Kwamitin masallaci yana buƙatar ya zama yana da amintattu masu rajista, domin a san wanda zai sa hannu da wanda za a tuhuma. Idan filin wani kango ne da aka saya daga magada, sai an tabbatar duk magadan sun yarda. Idan kuwa waƙafi ne, sai an duba sharaɗin da mai waƙafin ya gindaya, domin a fiƙihun Malikiyya ana bin sharaɗin mai waƙafi muddin bai saɓa wa shari'a ba.

Mataki na biyu shi ne awo da zane. Safiyo zai auna filin ya fitar da taswirarsa. Mai zanen gini mai rajista zai zana fasalin zauren da fuskokinsa, injiniya kuma ya zana harsashi da ginshiƙai da yawan rodin da za a sa. Dokar 1969 ce ta kafa majalisar rajistar masu zanen gini, ta 1970 kuma ta kafa ta injiniyoyi, kuma hatimin waɗannan ƙwararru shi ne shaidar cewa akwai wanda ya ɗauki alhakin aikin.

Mataki na uku shi ne miƙa takardu ga hukumar tsara birane, wato takardar neman izini da shaidar mallaka da zane-zanen da aka ambata, tare da biyan kuɗin da aka ƙayyade. Ma'aikatan hukumar za su fita su ga filin da idonsu, su duba ko ya ci hanya ko magudanar ruwa ko layin wuta, su kuma duba tazarar da aka bari tsakaninsa da maƙwabta. Idan aka gamsu sai a buga hatimi, idan ba a gamsu ba sai a mayar da zanen a gyara. Wanda ya fara gini kafin wannan, hukuma tana da ikon tsayar da aikinsa, har ma ta rushe shi.

Idan aka lura da waɗannan matakai za a ga cewa duk tambayoyin da ake yi a kan sabon ginin ne: ko zai tsaya da ƙafarsa, ko ya shiga haƙƙin wani. Tambayar da ta shafi tsohon ginin da yake gefe, wato me zai same shi bayan damina biyar ko goma, ba ta da tabbataccen gurbi a cikin fayil ɗin. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli mai lamba 86 ta 1992 ma manyan ayyuka ta fi shafa, ƙaramin zauren unguwa ba ya kai ma'auninta.

3.4 Abubuwan da Ya Kamata a Duba Kafin a Amince

Abu na farko shi ne ruwa, domin shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Maginan gargajiya sukan yi bango mai kauri daga ƙasa yana tsukewa zuwa sama, su shafe shi da makuba ko laso, su kuma sa indararo mai tsawo domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Idan aka kawo zaure mai rufin kwano aka jingina shi da irin wannan bango, duk ruwan da faffaɗan rufin ya tara a watan Agusta a gindin tsohon bangon zai zuba. Haka kuma sabon gini yakan zo da daɓen siminti wanda ya ɗara tsohon daɓe tudu, sai tsohon masallacin ya koma kamar kwari, ruwa yana gangarowa gare shi. Wurin alwala da ramin masai su ma idan aka haƙa su kusa, danshinsu yakan bi ƙasa ya hau bango, ya ci gindinsa a hankali ba tare da an lura ba.

Abu na biyu shi ne haƙan harsashi. Tsohon ginin tubali ba shi da harsashi mai zurfi, nauyinsa a kan faɗin gindinsa yake. Idan aka haƙa rami mai zurfi dab da shi domin kafa ginshiƙan kankare, ƙasar da take riƙe da shi takan saki, bango ya tsage, azarar da take ɗauke da rufi ko bakan ɗaurin guga su goce daga mazauninsu. Bugu da ƙari, ƙasar cikin birni ba fanko ba ce. Binciken masana kimiyyar tono ya gano alamun narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma ba abin mamaki ba ne mai haƙa a gefen tsohon masallaci ya ci karo da kabari ko tsohuwar rijiya ko kasake. Dokar 1979 ta wajabta sanar da hukumar gidajen tarihi idan aka samu irin waɗannan kayan tarihi, amma lebura da ɗan kwangila ba su cika sanin haka ba.

Abu na uku shi ne tsayi da kama. Kwarjinin tsohon masallaci yana cikin yadda ake hango zankwayensa ko hasumiyarsa daga bakin lungu. Zaure mai hawa biyu ko uku yana iya shanye shi, ya mayar da shi kamar ɗakin ajiya a bayan gida. Har ila yau, tagogin bene sukan leƙa tsakar gidajen maƙwabta, wanda kuwa babban aibi ne a al'adar Bahaushe da kuma shari'a.

Abu na huɗu shi ne sarari. Ginin ƙasa yana son a bar masa wurin da za a kafa tsani a kwaɓa ƙasa a yi masa yaɓe kafin damina. Zauren da ya toshe wannan wuri ya yanke wa bangon gyara har abada. Daga nan sai a ce a shafe shi da siminti a huta, siminti kuwa ba ya kama ƙasa, yakan riƙe danshi a ciki har wata rana ya ɓamɓaro tare da naman bangon. Sannan akwai hanyar wucewa: zauren da zai ɗauki ɗaruruwan mutane yana buƙatar ƙofofin fita isassu da lungun da makara ko motar kashe gobara za ta iya bi.

Waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne ga malaman ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira harimi, wato sararin da ake barin rijiya ko kogi ko gari da shi domin amfaninsa ya cika, akwai kuma ƙa'idar hana cutar da maƙwabci. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis na ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi bayanin hukuncin filaye a littafinsa Ta'alimur Radi. Ke nan tunanin bar wa muhimmin wuri sarari a kewayensa yana da tushe a gida tun kafin zuwan dokokin Turawa.

3.5 Misalai Daga Kano da Zariya

Misali na farko shi ne Filin Idi na Ƙofar Mata, inda Sarkin Kano yake sallar Idi kafin hawan Salla, hawan da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. A zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje (2015-2023) an gina shaguna masu yawa a kewayen filin, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a tsakanin jama'a. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, bisa hujjar cewa filin na jama'a ne. Masu shagunan suka kai ƙara, suna cewa da izinin hukuma suka yi gininsu. A watan Satumba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da take Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta a kan naira biliyan 3. Ba aikin wannan bincike ba ne ya raba gardamar siyasa. Darasin da ya shafi wannan babi shi ne, da yake babu wata tsayayyar iyaka da doka ta shata wa irin wannan wuri, abin da gwamnati ɗaya ta halatta wata tana iya haramta shi, asara kuma ta faɗa kan 'yan kasuwa da baitulmali baki ɗaya.

Misali na biyu shi ne Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka sake gina wata da kayan zamani. Wannan ƙofa tana cikin abin da hukumar tarayya take tsaro, amma aikin hanyar na jiha ne, kuma kariyar da take a rubuce ba ta hana rushewar ba. Idan haka ta faru ga abin da aka ayyana, to ina ga masallacin unguwa da ba ya cikin kowane jeri?

Misali na uku shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, kuma masana suna ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar fasahar ginin Hausa. A shekarun 1970 an yi sabon gini na kankare wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar, aka kuma rasa wasu sassa na tsohuwar harabar. Niyyar masu aikin ita ce samar wa jama'a wuri tare da adana tsohon ginin, amma tun daga lokacin ba a ƙara ganin surarsa daga waje ba. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, masallata da dama suka rasu. Wannan ya nuna cewa haɗa sabon gini da tsoho ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe shi, yana buƙatar bibiya da dubawar ƙwararru a kai a kai, domin rayukan mutane ne a ciki.

3.6 Kwatanci da Tsarin Ƙasar Ingila

Da yake dokokin tsara birane na Nijeriya daga Ingila aka aro su, yana da kyau a ga yadda suke warware irin wannan matsala a gefen tsofaffin coci-cocinsu. Suna da jerin gine-ginen tarihi da aka kasa mataki uku gwargwadon muhimmanci. Dokarsu ta 1990, a sashe na 66, ta wajabta wa hukumar da take ba da izinin gini ta ba da kulawa ta musamman ga kare ginin da yake cikin jerin da kuma muhallin da yake zaune a ciki. Wannan kalma ta muhalli ita ce babban bambanci, domin ko sabon zauren bai taɓa jikin cocin ba, ana iya ƙin amincewa da shi idan zai tare ganinsa ko ya danne shi.

Jama'ar Cocin Ingila da suke son gina zaure a harabar cocinsu sukan nemi izini biyu, ɗaya daga ƙaramar hukuma, ɗaya daga kotun cocin ta yankinsu, bayan kwamitin ƙwararru na yankin ya ba da shawara. Sukan rubuta bayani iri biyu, na farko a kan darajar tsohon ginin da abin da ya sa yake da muhimmanci, na biyu a kan buƙatar da ta sa suke son sabon ginin. Akan kafa sanarwa a wurin domin maƙwabta su faɗi ra'ayinsu, a kuma tuntuɓi ƙungiyoyin kare tsofaffin gine-gine. Wannan tsari yana cin lokaci da kuɗi, har masu neman izini sukan koka da shi, amma yana tilasta a auna buƙata da ɓarna kafin a sa diga a ƙasa.

Yarjejeniyar Banis ta 1964 a kan adana wuraren tarihi ita ma ta jaddada kare muhallin gini, UNESCO kuma takan nemi a shata wa wurin gado yankin kariya a kewayensa. Saboda sababbin gine-gine ne aka cire kwarin Elbe na Dresden a Jamus daga jerin gadon duniya a 2009, aka kuma cire Libaful a 2021. A ɗaya ɓangaren, tsohon garin Agadas na Nijar mai doguwar hasumiyar ƙasa ya shiga jerin a 2013. Wannan ishara ce ga Kano, wadda sunanta yake jerin share fage tun 2007.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa mai son gina zaure a gefen tsohon wurin ibada a birnin Kano yana fuskantar hukumomi huɗu, kowace da abin da take dubawa, amma babu wadda aka ɗora wa alhakin sararin da yake tsakanin sabon gini da tsoho. An kuma ga cewa ta wannan sarari ne ruwa da haƙa da tsayi da toshewar hanya suke yin illa. Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, akwai buƙatar jiha ta tattara jerin tsofaffin wuraren ibada da suke cikin birni da Sabon Gari, tare da taswirar harimin kowanne. Na biyu, ya kamata duk fayil ɗin da ya shafi gini a cikin wannan harimi ya bi ta hannun hukumomin tarihi kafin a buga masa hatimi, kuma ya ƙunshi bayanin inda ruwan sabon rufi zai bi da tazarar harsashi daga tsohon bango. Na uku, ya dace a riƙa sa maginan gargajiya cikin masu duba filin, domin su suka san halin bangon ƙasa. Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane, gyaran da ba a yi shi a kan takarda ba kuwa, yin sa bayan an zuba kankare yana da tsada. Babi na gaba zai dubi matsayin maginan gargajiya da sarautarsu a cikin birnin Kano.